Darasi na Tara: Ɗanɗano da Samfuri, Wajen Sayarwa da Wajen Sari

Ga mai jagorantar zama: a yi wannan darasi bayan an gama zubi an rufe akwati, don kada hankalin mata ya rabu biyu. Tun a zaman da ya wuce a roƙi mata uku su zo da kaɗan daga abin da suke sayarwa. A tanadi faranti mai tsabta, cokali, gishiri busasshe, kwalbar gilas mai murfi, da kwano ɗaya na hatsi ko gyaɗa. Idan darasin ya yi tsawo, a raba shi zama biyu: na farko kan sayarwa, na biyu kan sari.

Babu macen da ba ta san ɗanɗano ba. Mai ƙuli tana gutsura miki ki ji gishirinsa. Mai turare tana ɗiga miki a bayan hannu. Mai hatsi a kasuwa yana zuba miki 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ki tauna. Muna yi kullum, ana kuma yi mana, amma da wuya ki ga wadda ta taɓa zama ta lissafa nawa ɗanɗano yake ci mata a wata, ko nawa yake kawo mata. Ga mace mai juya kuɗin da ta ranta daga akwatin ƙungiya wannan lissafi ba abin wasa ba ne. Kuɗin na sauran mata ne, kuma ranar biya ba ta jiran kowa.

Abu huɗu masu kama da juna

Akwai ɗanɗano, akwai gyara, akwai kyauta, akwai bashi. Duka huɗun kaya ne ke fita daga hannunki ba tare da kuɗi sun shigo a take ba, shi ya sa suke cakuɗewa a kai.

Gyara ana yin ta ne bayan an yi ciniki: ta sayi awara ta ɗari biyar, kin ƙara mata guda ɗaya don ta ji daɗi ta dawo gobe. Kyauta kuwa don zumunci ce ko don lada, ba kya jiran komai daga gare ta. Bashi an san za a biya, ko aƙalla haka aka ce. Shi ɗanɗano daban yake. Ana ba da shi kafin ciniki, ga wanda bai san kayanki ba tukuna, kuma da niyyar ya saya. Idan kayan ba na ci ba ne, kamar sabulu ko yadi, ko kuma ke ce za ki saro, akan ce samfuri. Duk abu ɗaya ne: ɗan kaɗan da yake wakiltar mai yawa.

Wadda ta shekara tana sayen daddawarki ba ta bukatar ɗanɗano. Ta riga ta san daddawar. In kin ba ta, gyara ce ko kyauta, kuma ki kira abin da sunansa a cikin littafinki.

Me ya sa yake aiki

Mutum yana tsoron cinikin biri a sama. Mace tana da naira ɗari uku a ƙullin zaninta, ta saba sayen yaji a wajen wata, yajin ba laifi. Me zai sa ta ɗauki kuɗinta ta ba ki, alhali ba ta san ko naki ya yi gishiri da yawa ba? Kina iya yabon yajinki har la'asar, ba za ta motsa ba. Amma in kin zuba mata ɗan kaɗan a takarda ta kai gida ta barbaɗa a kan ɗanwake, harshenta ne zai yi miki talla. Gani ya kori ji.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. A ƙarni na 19 wani mai sana'ar sabulu a birnin New York na Amurka, Benjamin Babbitt, ya yi suna wajen raba ƙananan sabulai kyauta don mutane su gwada. Kamfanin Coca-Cola ma, tun a ƙarshen shekarun 1880, ya riƙa raba 'yar takarda da mutum zai kai shago ya sha kofi ɗaya ba tare da biya ba. Masu sinadarin ɗanɗanon miya da kike gani suna kafa rumfa a kasuwa suna girki a gaban jama'a, a kan wannan hanya suke. Ba don sun fi ki tausayi ba ne. Sun yi lissafi sun ga yana biya.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba a cika faɗa ba: jin nauyi. In mutum ya ci abinki, sai ya ji kunyar tafiya hannu rabbana. Wannan yana kawo ciniki sau ɗaya, amma kada ki dogara da shi. Wadda ta saya don kunya, gobe in ta hango ki sai ta canja hanya. Ki riƙe wannan batu na jin nauyi a ranki, za mu dawo kansa idan muka zo maganar sari, don a can ke ce ake sa wa nauyin.

Lissafin mai ƙuli

Kuɗin da ke cikin wannan misali na koyo ne kawai. Mai jagora ta sauya su da farashin garinku na yau.

A ce mace ta kashe naira 7,000 a gyaɗa, niƙa, itace da kayan yaji, bayan an cire abin da mai ya mayar. Ta samu ƙuli guda 200, tana sayar da kowane a naira 50. In duk sun tafi, ta tashi da 10,000, ribarta 3,000. Wato kowane ƙuli ɗaya naira 15 yake bar mata.

To, a ce a ranar kasuwa mutum ashirin sun tsaya a gabanta, kowa ta miƙa masa guda ɗaya cur. Saura 180. Cinikinta ya koma 9,000, riba ta koma 2,000. Kashi ɗaya cikin uku na ribarta ya tafi a cikin bakin mutane, ita kuwa tana ganin ai ɗan ɗanɗano ne kawai. In kuma akwai kuɗin hidima a kan rancen da ta ɗauka, daga cikin dubu biyun nan zai fito.

Da ta ɗauki guda biyar tun a gida ta kakkarya kowane gida huɗu, ta zuba a 'yar roba mai murfi, mutum ashirin ɗin nan duk za su ɗanɗana, abin da ya fita naira 250 ne kawai. Harshe ba ya bukatar ƙoshi kafin ya gane daɗi. Kuma don ta mayar da 250 ɗin, sai ta sayar da ƙarin ƙuli 17, tunda 15 sau 17 ya ba da 255. In mutum huɗu cikin ashirin suka sayi biyar-biyar, ta mayar har da ɗoriya. In ba wanda ya saya, ko mutum ɗaya ne kacal, to akwai magana: ko dai ƙulin yana da matsala, ko farashin, ko kuma ba masu saye take ba wa ba.

A tsaya a nan a tambayi matan da suka zo da kaya: nawa ne ribar guda ɗaya, ko murfi ɗaya, ko ƙulli ɗaya na abin da kike sayarwa? Wadda ba ta san wannan ba, ba ta da hanyar sanin ko ɗanɗanonta yana biya.

Wani abu kuma. Idan kayanki kullum suna ƙarewa kafin azahar, ba ki da bukatar ɗanɗano ko kaɗan. Abin da kike bukata ƙarin jari ne. Ɗanɗano na wadda ta fara sabuwar sana'a ne, ko ta shiga sabuwar unguwa, ko ta canja haɗi, ko kayanta suna kwana.

Wa za a ba, kuma a ina

Ki ba wanda kuɗin saye yake hannunsa. Yaro da aka aiko sayen gishiri zai cinye cincin ɗinki da murna, amma ba shi ke yanke shawara ba. Gara ki ƙulla kaɗan ki ce ya kai wa mamarsa, ki faɗa masa farashi ya maimaita a gabanki.

Mafi riba shi ne mutum ɗaya da ke saye da yawa, ko wanda wasu suke saye ta bakinsa: mai abincin sayarwa a tasha, mai shayi, mai tsire da ke neman garin ƙuli, mai shago a bakin titi, uwar amarya da ke haɗa gara, uwar biki da ake shawara da ita. Rabin kwalbar man gyaɗa da kika ba mai ƙosai ta soya da shi kwana ɗaya ya fi cokali hamsin da kika rarraba a kasuwa, don in ya yi mata, jarka za ta riƙa ɗauka duk mako. Irin wannan kada ki aika yaro. Ki je da kanki, ko ki tura babba, kuma a koma bayan kwana biyu a ji yadda ta gani. Yawancin ɗanɗanon da ke lalacewa a nan yake lalacewa: an ba da, ba a koma ba. Ita ma tana da hidimar gabanta, ba za ta biyo ki gida ba.

Gidan biki da gidan suna wuri ne mai kyau, mata sun taru, ana hira, abin da ɗaya ta yaba goma sun ji. Amma ki nemi izinin masu gida tukuna, kada ki mayar da sha'anin mutane kasuwa. Lokaci ma yana da nasa. Garin kunu ana gabatar da shi kafin azumi ya kama, ba ranar ashirin ga wata ba. Alkaki da dubulan da nakiya kuwa, kafin lokacin bukukuwa.

Duk abin da kika bayar, ya fito daga tukunyar da kike sayarwa. Kada ki yi haɗi na musamman mai yawan sukari don ɗanɗano, ki sayar da lami. Sau ɗaya za ki yi hakan a ƙauye, labari ya zaga. Sannan tsabta: abu a rufe, cokali ko tsinke maimakon hannun kowa a cikin roba. In mutum ya ɗanɗani zoɓonki cikinsa ya ɓaci, kin biya kuɗi kin sayo wa kanki ɓacin suna.

Kayan da ba a ci

Masu sabulun ruwa, ku saurara da kyau. Kada a taɓa zuba samfurin sabulu, ko ruwan wanke banɗaki, a robar lemo ko ledar ruwan sha a miƙa wa mutane haka nan. Launinsa yana kama da abin sha, yaro zai ɗauka ya kai baki, kuma a cikin haɗin akwai soda mai ƙuna. A sa a roba mai murfi mai ƙarfi, a yi mata alama, a faɗa da baki cewa a ajiye nesa da yara. Mafi sauƙi ma kada ki raba komai. Ki nemi tukunyar da ta fi kowace maiƙo a gidan, ki wanke ta a gaban matan da murfi ɗaya na sabulunki. Mutum goma sun gani, kin kashe murfi ɗaya.

Humra da turaren wuta ba sa son gaggawa. Ƙamshin farko kowane turare yana da shi, abin da ake biya shi ne wanda ya kwana a jikin zani. Ki shafa mata a gefen mayafi, ki ce, "Yaya, kada ki saya yau. Ki shinshina gobe da safe." Wadda ta yarda da kayanta ce kaɗai ke iya faɗin haka, kuma mai saye ta san da hakan. Man shafawa kuwa a gwada kaɗan a cikin hannu a jira kwana ɗaya, saboda wata fatar ba ta karɓar kowane haɗi.

Idan dillaliya ce ke shiga gidaje da kayanki, ko yarinya ke kai miki, ki ware na ɗanɗano daban, a ƙirge, a cikin nasa mazubi. In ba haka ba, duk abin da ya ɓace da yamma sunansa "an ɗanɗana", kuma ba ki da bakin magana.

Dangi da maƙwabta

Wannan ne wuri mai wuya, kowa ta sani. Ƙanwar miji ta shigo, ta ga tire, ta ce bari in ɗanɗana, ta ɗebi na ɗari biyu. Gobe ma haka. Ba za ki iya hana ta kai tsaye ba, zaman gida ya fi ƙuli. Mata biyu su tashi su gwada wannan a gaban ƙungiya:

"Inna, wannan awarar taki sai ƙamshi take. Bari in ji."

"Ga naki nan na ajiye miki a faranti tun ɗazu, 'yata. Wannan na cikin roba ƙirgagge ne, kuɗin mata ne na akwati, ranar Laraba zan kai lissafi."

Kun ga ba ta hana ba, ba ta kuma bari an taɓa jari ba. Ta ware abin da za ta iya bayarwa, ta jingina sauran ga ƙungiya. Ku yi amfani da sunan ƙungiya a irin wannan wuri, ai gaskiya kuka faɗa. Abin da aka ware wa gida kuma a rubuta shi a matsayin cin gida, kada a sa shi a layin ɗanɗano.

Idan ke ce mai sari

Yanzu mu juya. Kin ɗauki rance, ko ƙungiya ta haɗa kuɗi za a saro buhunan gyaɗa, ko shinkafa shanshera, ko atamfa. A nan kuskure ɗaya ya fi ɗanɗanon shekara tsada. Buhu biyar na gyaɗa marar mai na iya cinye ribar zagaye guda.

Abu na farko: samfurin da mai kaya ya zaɓo da hannunsa ya miƙo miki, mafi kyawun abin da yake da shi ne. Ko ke ce haka za ki yi. Don haka ke za ki nuna inda za a ɗebo. A manyan kasuwannin hatsi irin Dawanau ta Kano akwai ƙarfe mai rami da ake soka wa buhu ƙwaya ta zubo. A soka sama, a soka tsakiya, a soka gindi, kuma ba buhu ɗaya ba. In buhu goma za ku ɗauka, a duba aƙalla uku ko huɗu da ku kuka nuna. Masu algus a gindin buhu da tsakiyarsa suke ɓoye tsakuwa, ƙasa da tsohon hatsi. Inda babu ƙarfen, a juye buhu ɗaya a tabarma. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa, "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" sai ki ce, "Na yarda da kai, Alhaji, amma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai."

Abu na biyu: samfurin da kika saya da kuɗinki ya fi na kyauta amfani. Na kyauta cikin tafin hannu ne, ba ya isa a yi gwajin gaske, ga kuma nauyin da yake ɗora miki. Mai gyaɗa ta sayi kwano ɗaya a wajen mutum biyu ko uku, ta kai gida, ta soya kowanne daban, ta niƙa, ta matse, ta auna man da kwalba ɗaya. Sau da yawa za ki tarar gyaɗar da ta fi tsada da kaɗan ita ce mai arha, saboda man da ta bayar. Mai turara shinkafa ta yi haka da kwano ɗaya: nawa ta fita bayan an casa, nawa ta karye. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wajen gyaɗa akwai abin da ya wuce riba. Ki ɓare ki duba: ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko take ɗaci a baki, tana iya ɗauke da wata guba da ake kira aflatoksin. Tana lalata hanta, suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma tana taruwa a cikin tunkuza, wato a cikin ƙulin da yara ke ci. Ido ba ya ganin ta duka, amma tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi yana rage ta sosai. In a cikin tafin hannu ɗaya kin ga irin waɗannan da yawa, ki bar buhun komai arharsa. Masara ma haka take.

Danshi shi ke kawo fumfuna, kuma danshi yana ƙara nauyi, wato kina sayen ruwa da kuɗin hatsi. Mai jagora ta nuna wannan gwaji yanzu. A samu kwalbar gilas busasshiya ƙarau. A zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sosai. A rufe, a girgiza kamar minti ɗaya, a ajiye minti goma sha biyar, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe yadda za a adana shi ba. In ya zube ƙasa kwalba ta fita tas, ya bushe.

Wake kuma ki sa hanci. In yana warin maganin ƙwari, ko kin ga farin gari a jikinsa, ki tambaya me aka sa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da wasu suka ƙi ci, kada mu dafa wa 'ya'yanmu mu kuma sayar wa maƙwabta. Waken da aka adana a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ba ya shan iska, ba ya bukatar magani. Masu sarin iri don sayarwa gab da damina su ƙirga ƙwaya 100, su shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, su riƙa yayyafa ruwa har mako guda. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a yi hattara, manomin da ya saya a hannunki ba zai manta ba.

Atamfa da yadi: a sayi turmi ɗaya tukuna, ko a roƙi ƙyalle, a jiƙa da sabulu tare da farin tsumma a ga ko yana zuba, a auna kafin wanki da bayan wanki a ga ko ya tsuke. Kayan gwangwani, na kwalba da na leda kuma, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da za su lalace, a jikin kayan da aka ɗora muku a mota, ba a jikin wanda aka nuna muku a kanti kawai ba.

Ajiye shaida

Idan za a kawo kaya daga baya, ko wani za a aika ya ɗauko, a raba samfurin gida biyu. Rabi a gwada. Rabi a ƙulle a leda a gaban mai kayan da mace biyu daga ƙungiya, a rubuta rana, farashi da sunan kayan, a saka a akwati ko a ba magatakarda. Wadda take da waya mai hoto ta ɗauka. Ranar da kaya suka iso, a buɗe ƙullin a ajiye gefe da gefe kafin a biya cikon kuɗi. Kuma tun ranar ciniki a yi magana a fili: in kaya ba su yi daidai da samfuri ba, wa zai biya kuɗin motar mayarwa? Kada a biya duka kafin a ga kaya, musamman ga wanda aka sani ta waya kawai. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba samfuri ba ne. Ba ya wari, ba a tauna shi, kuma ba ki san ko na wane ne ba.

Kyautar da ba a karɓa

Madarar jarirai ta gwangwani tana kan gaba. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana kamfanoni raba wa iyaye mata samfurinta kyauta, kuma dokar Najeriya ma ta hana. Dalilin shi ne, in jariri ya koma kan madara ya rage tsotso, nonon uwa yana ja baya. Kafin gwangwanin kyauta ya ƙare nono ya ragu, dole a sayi na biyu da tsada. Kuɗi ba su isa, sai a riƙa tsinka ta da ruwa, ruwan kuma ba lallai mai tsabta ba, sai gudawa da rama. In wani ya kawo wa ƙungiya irin wannan don ku raba ko ku sayar, ku ƙi, ku sanar da ma'aikaciyar asibiti. Inda uwa ba ta iya shayarwa, asibiti ne zai faɗi abin da za a yi.

Haka nan ƙwayoyi, maganin ƙiba, maganin mata da ba a san haɗinsa ba, da man bilicin. Ba a ɗanɗana magani. Wasu mayukan canja launin fata suna ɗauke da sinadaran da ke ɓata fata da ƙoda, kuma illar ba ta fitowa a makon farko da ake gwaji.

Sai masu zuwa da fara'a su ba kowace mace sabulu ɗaya ko ƙullin omo kyauta, sannan su ce za su bar muku katan ashirin, ku biya a hankali. Ga jin nauyin nan ya dawo. Kun karɓi kyautarsa, kun sha hira, yanzu kunya ta hana ku ce a'a. Abin da ya ba ku bai kai kuɗin katan ɗaya ba, kuma shi ya zaɓi ya bayar. Ku yi masa godiya, ku ce dokar ƙungiya ita ce ba a yanke maganar kuɗi sai a zama na gaba. A cikin makon a gwada kayan, a tambayi farashinsu a kasuwa, a duba ko ranar lalacewarsu ta kusa. In ƙungiyarku ba ta da wannan doka, yau ce ranar da za ku tattauna ku sa ta.

Wanda kuma ya kira a waya ya ce kamfani zai aiko muku da kaya kyauta, amma ku fara tura kuɗin mota ko na rajista, ko ku faɗi lambar BVN, ko lambar sirri ta katin banki, ko lambar da ta shigo wayarku yanzu, a kashe wayar. Ba a ci gaba da magana da shi.

Kafin zama na gaba

Kowace mai sana'a ta ja layi uku a bayan littafinta: abin da na bayar ɗanɗano, mutum nawa suka karɓa, mutum nawa suka dawo suka saya. Wadda ba ta rubutu ta samu gwangwani biyu. Duk wanda ta ba ɗanɗano ta jefa tsakuwa ɗaya a na farko, duk wanda ya saya daga cikinsu ta jefa ƙwayar wake a na biyu. A zo da gwangwanayen ranar zubi, magatakarda ta ƙirga a gaban kowa. Masu shirin sari a wannan wata kuma su zo da samfurin mutum biyu daban-daban, da farashin kowanne, a gwada a nan kafin a buɗe akwati a ba da rance.